Malam Isuhu da Karaban ɗin Misis Hilda

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isuhu. Bana zagayowar ranar ta same ni a Landan, a gidan 'yarmu ta fari da ke Catford, inda na zo ganin likitan gwiwa. Unguwar ba baƙuwata ba ce. A nan muka zauna ni da shi muna da ƙuruciya, a shekarun da kuɗin mai ya fara kwararowa Nijeriya, gwamnati na ta tura samari waje koyon aiki. Shi an turo shi ne ya koyi gyaran jikin jirgin sama.

Mun sha yawo kafin mu sami wurin zama. A waya za a ce akwai ɗaki, in muka je aka ga fuskokinmu sai a ce an riga an bayar. Wata tsohuwar Baturiya, Misis Hilda, ita ta buɗe mana ƙofa ta ba mu saman gidanta. Mijinta ya rasu, ɗanta guda kuma yana can wata ƙasa mai nisa. Ita ta koya mini yadda ake rayuwa da sanyin garin, ita ta riƙe hannuna a asibiti ranar da na haihu, lokacin ba ni da uwa ba ni da 'yar'uwa a ƙasar.

A gefen gidan akwai wani ɗakin tafi-da-gidanka mai taya, irin wanda ake ɗaura wa mota a ja, Turawa na ce masa karaban. Tun a lokacin tsoho ne. Jikinsa duk farantan alminiyam ne da aka haɗa da ƙusoshin ribit, gabansa da bayansa a zagaye. Da shi ita da mijinta suke zuwa bakin teku a Kent duk lokacin zafi. Wata rana iska ta karya reshen bishiya ya faɗo masa, kusurwar rufin ta lotsa, faranti guda na gefe ya tsage, ruwa ya fara shiga. Masu gareji suka duba suka ce a kai shi bola. A 'yan kwanakin ne kuma likita ya gaya mata zuciyarta ta yi rauni. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce ta so a ce ta ƙara ganin tekun nan ko sau ɗaya daga ƙofar karaban ɗin.

Malam ya zagaya shi, ya shafa wurin da tafin hannunsa, ya ce zai gwada.

Daga nan Asabar da Lahadinmu suka koma gefen gida. Farantin da ya tsage, ya huda ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya ya cire shi, ya auna sabo a kansa ya yanka. Kusurwar ce ta ba shi wuya, don ba a sayar da irinta. Ya ce alminiyam ba kamar baƙin ƙarfe ba ne, in ya lotsa ya riga ya miƙe, in ka matsa masa da duka kuma sai ya yi tauri ya tsage. Sai ya goga wa wurin sabulu, ya gasa shi da wuta a hankali. Da sabulun ya yi baƙi ya san ƙarfen ya yi laushi, sai ya ɗora shi a kan buhun yashi yana bi da guduma ta katako, kaɗan-kaɗan. Wajen mayar da ƙusa kuwa sai da mutum biyu. Ni nake shiga ciki in danna wani dunƙulen ƙarfe a bayan ƙusar, shi yana bugawa daga waje. In ta zauna sai in ƙwanƙwasa masa, mu matsa gaba. Misis Hilda na zaune a kujera da jaririyarmu a cinya, tana kallonmu.

Ana tsakar haka karatunsa ya ƙare, saƙo ya zo daga gida. An ware masa shugabancin wani sabon sashe a filin jirgi, da gida da mota, amma ya hallara kafin ƙarshen wata. Duk abokan karatunsa sun fara haɗa kaya, kowa na gudun kada a raba muƙamai ba ya nan.

Na ce masa, "Malam, muƙamin nan ba zai jira ka ba fa."

Ya ce, "Na sani, Ladi. Amma ni na cire mata rabin rufin. In na tafi yanzu, na bar shi ya fi yadda na same shi lalacewa."

Ya nemi a ƙara masa lokaci, ba a amsa ba. Har yau ban ce damuwata ba ta kan hanya ba, ina da jaririya, ga iyaye na jira. Amma na ci gaba da shiga ciki ina riƙe ƙarfen.

Da aka gama, ya toshe duk mahaɗar, ya watsa ruwa ya ga ba ya shiga, sannan ya goge jikin har ana ganin fuska. Misis Hilda ta bi kusurwar da yatsunta, ta juyo ta tambaye shi wai ina ne ma wurin da ya lotsa. Wani maƙwabci ya ja mu da motarsa zuwa Kent. Ta zauna a bakin ƙofa da bargo a kafaɗa da kofin shayi, tana kallon ruwa har rana ta yi sanyi.

Da muka koma gida mun tarar an ba wani abokin karatunsa kujerar. A ƙarƙashinsa Malam ya yi aiki har ya yi ritaya, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Misis Hilda kuwa ta rasu kafin wani lokacin zafin ya zagayo. Maƙwabcin nan ne ya sanar da mu.

Yanzu ina zaune a wannan unguwa ina tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Shekaranjiya butar shayi ta daina aiki, kafin in yi magana 'yata ta ce, "Mama, na riga na yi order wata, gobe za a kawo." Da yana nan da ya kwance ta a kan tebur kafin a rufe baki. Zai kuma girgiza kai in ya ga yadda wasu masu gyaran jikin mota a gida ke cike lotsa da fila su rufe da fenti. Sai dai ba na jin zai tsani zamanin gaba ɗaya. Jikana ya nuna mini a waya cewa tsofaffin karaban irin wancan sun zama abin nema, mutane na koya wa juna gyaransu ta bidiyo. Na tambaye shi da Hausa, ya ba ni amsa da Turanci. Na tabbata da kakansa ya ga wannan, da ya zauna kusa da shi yana gyara wa masu bidiyon kuskure, har shi da jikan su saba.

Bai bar mana dukiya mai yawa ba, ba a kuma sa wa wani titi sunansa ba. Amma bayan rasuwarsa da 'yan watanni wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Kano, yana tura keken guragu na matarsa da ƙarfen hannunsa ya karye. Bai ji labari ba. Da aka gaya masa sai ya zauna a dakali, ya daɗe yana addu'a. Da zai tashi ya ce, "Hajiya, ba gyaran kaɗai nake zuwa yi ba. Mutumin nan ba ya taɓa sa ka ji kunyar tsohon kayanka."

Allah Ya jiƙan Malam Isuhu, Ya yi masa sassauci kamar yadda ya yi wa bayinSa.