Man Ƙuna Mai Haɗi Tara

Kelappan bai taɓa yarda da rubutu ba, kuma gado ya yi. Shekara hamsin yana dafa man ƙuna a bayan gidansa a wani ƙauyen jihar Kerala ta ƙasar Indiya, mai haɗi tara, wanda ko tabo ba ya bari. Masu zuwa kan bar masa ayaba ko kifi.

Asalin maganin an rubuta shi ne a ganyen giginya. Ganye kuwa ruɓewa yake, dole kowane magaji ya sake kwafewa. Al'adar gidan ita ce mai kwafewa ya cire haɗi ɗaya ya riƙe a ka, saboda ɓarayi. Kelappan ne magaji na takwas, shi ma ya cire nasa har yana taƙama.

Kwatsam wani kamfanin ƙasar waje ya sayi kwalba ɗaya, ya binciko abin da ke ciki, ya yi wa maganin rajista wai shi ya ƙirƙiro. 'Yar Kelappan, Sulochana, ta ɗauko wata ma'aikaciya daga ofishin da ke tattara tsofaffin magungunan ƙasa.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji ma'aikaciyar. "In dai a rubuce yake tun da, rajistarsu ta rushe. Maganar baka ce hukuma ba ta karɓa."

"Rubutu? Tun kaka da kakanni!" Ya kwance ƙyallen alharini ya miƙa mata ganyen.

Ta karanta, ta juya bayansa, ta sake juyowa. "'A samu man kwakwa.' Sauran fa?"

Kelappan ya taɓa goshinsa.

"Haba Baba, da wannan ai muke soya kifi," Sulochana ta ce.

"To so kike ɓarawo ya samu duka?"

"Ai ya samu duka, Baba. Mu ne ba mu da shi."

Ma'aikaciyar ta tafi hannu wofi. Maganar 'yarsa ta yi wa Kelappan ciwo ƙwarai, don ya san gaskiya ce. Washegari da hantsi ya ɗauko sabon ganye da tsinken rubutu, ya kira Sulochana ta zauna ta gani da idonta. Ya rubuta man kwakwa, kurkum, darbejiya, yana yi yana share hawaye, har ya kai takwas. Nan hannunsa ya cije.

"Na taran fa, Baba?"

Ya waiga hagu, ya waiga dama. "Matso da kunnenki."