Lambar da Ta Ruɓar da Tumatirin Sahuda

Ni mutum ne mai dariya, duk unguwarmu Lokuwa ta garin Mubi shaida ce. In na ƙyalƙyale a shagona na koyar da kwamfuta, masu keke napep a bakin titi sai su waiwayo su duba ko janareta aka tayar. Amma akwai lamba guda da in aka ambace ta har yau sai ƙeyata ta ɗau zafi, in ji kamar in ciji tebur. Lambar ita ce 1.4.3, kuma da ɗan yatsan nan nawa na buga ta.

Shekarun baya na rubuta wani ɗan ƙunshin kod, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi, irin wanda masu haɗa manhaja ke kira laburare. Aikinsa bai taka kara ya karya ba. Ka ba shi lamba, ya ba ka sunan rana da Hausa ko Fulatanci. Ɗaya Lahadi, biyu Litinin, uku Talata, haka har Asabar. Na ɗora shi a intanet kyauta, a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya karanta, wanda ya ga gyara ya turo, in na yarda in haɗa in saki sabuwar siga. A bakina masu amfani da shi sun fi shanun kasuwar Mubi yawa. A zahiri mota ƙirar bas ɗaya za ta kwashe su, har a samu wurin ajiye buhu.

Kowace siga da aka saki tana da lambobi uku, kuma lambobin nan alkawari ne tsakaninka da mutanen da ba ka taɓa gani ba. In ka motsa ta ƙarshe, cewa ka yi faci kawai na yi wa taya, hau ka tafi. In ka motsa ta tsakiya, ka ƙara ɗaki a gida, tsofaffin ɗakuna suna nan yadda suke. In kuwa ka motsa ta farko, shela ce ka yi: jama'a, na sauya wa gidan ƙofa, a duba kafin a shigo kada a fasa goshi. Saboda wannan alkawarin, mutane da yawa kan saita manhajarsu ta riƙa karɓar faci da kanta, ba tare da sun duba ba. Na san wannan kamar yunwar cikina. Ni nake koyar da shi, har da buga allo.

Sai Hamma ya koyi kod.

Hamma yayan matata ne. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta, don haka a gabansa ko tari zan yi sai na nemi izini. Malamin lissafi ne, ya yi ritaya ya zauna a unguwar Lamorde, kuma maimakon ya yi kiwon kaji kamar sauran 'yan fansho masu tausayin jama'a, sai ya sayi kwamfutar cinya. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo shagona, babbar riga na jan ƙasa, na tashi na ba shi kujerata na tsuguna.

“Na turo maka ɗan gyara a abin nan naka,” in ji shi. “Ka gani?”

Na gani mana. Ya mayar da Litinin ta zama ɗaya, Lahadi ta koma bakwai, wai haka ƙa'idar duniya ta tsara mako. Akwai gwaje-gwajen da na rubuta, waɗanda ke nuna ja in an lalata wani abu. Da suka nuna masa ja, sai bawan Allah ya gyara gwaje-gwajen su ma, suka koma kore shar. Ɗalibi ya sauya amsa, ya sauya takardar maki.

Na ce, “Hamma, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Sai dai irin wannan, lambar farko ake motsawa. Ya kamata ya fita a 2.0.0, a yi wa mutane gargaɗi.”

Ya sauke tabarau. “Lambar farko ba ita ce ta wanda ya rushe abu ba?”

“E to, kusan haka ne, amma...”

“Wato na rushe maka gida ke nan.”

“Subhanallahi, wane ni!”

“Layi uku na taɓa. Uku. Tun kana yawo ba wando nake koyar da lissafi, yau kai za ka ce min uku babban abu ne?”

Da wani ne daga Kano ko Legas ko Indiya ya turo wannan gyaran, da na rubuta masa amsa mai tsawon hanyar Yola, in rufe maganar in sha shayi. Amma Hamma ne, yana zaune a kujerata, ƙanwarsa na gidana. Na yi kara. Na haɗa gyaran yana kallo, na motsa lambar ƙarshe daga biyu zuwa uku, a takardar bayanin canje-canje na rubuta “ƙananan gyare-gyare.” Na danna saki. Ya ce Allah ya yi albarka, na ce amin, har da rakiya bakin titi na tare masa keke.

Ranar Talata da rana tsaka wayata ta yi ƙara. Adda ce. Kowa a unguwa Adda yake ce mata, mace mai 'ya'ya huɗu da ta koyi kod da kanta tsakanin girki da girki, ta haɗa wa wata ƙungiyar manoman rani a ƙauyen Sahuda, can bakin iyakar Kamaru, manhajar da ke tura musu saƙo a waya, ranar da motar ɗaukar tumatir za ta zo, don su tsinka da sassafe. Shekara biyu tana lallashin dattawan nan kafin su yarda da saƙon waya. Laburarena ne ke rubuta sunan ranar a cikin saƙon.

Ko sallama ba ta yi ba. “Oga, biyu wane rana ne?”

“Litinin,” na ce.

“To saƙo ya ce Talata. Mota ya zo jiya, ba wanda ya tsinka komai, direba ya zagi iyayen kowa ya loda albasan wasu ya tafi. Yau mutane sun tsinka, kwanduna suna bakin hanya tun safe, rana yana dafa su. Ni ban taɓa komai ba. Na duba, abinka ne ya shiga da kansa. Faci ka ce, ko ba faci ka ce ba?”

“Adda, ki yi haƙuri, ki mayar da naki kan tsohuwar siga yanzu...”

“Na mayar, ka ɗauka jiranka nake? Amma shugaban ƙungiya ya ce gobe za su zauna a kaina. Sun ce ni na ɓata. Ka janye abin nan, ka rubuta a fili cewa daga wurinka ne, ka zo ka faɗa da bakinka. In ba haka ba sun kore ni.”

Abin da ya kamata in yi bai kai minti biyar ba. Amma a wurin da ake ajiye kod ɗin, kowane gyara da sunan mai shi a jiki, janye sigar kuwa tamkar in hau mumbari ne in ce aikin Hamma ya yi ɓarna. Kun san me na yi? Na rufe shago na hau keke zuwa Lamorde neman izini. Izinin gyara kayana! Wannan shi ne abin da har gobe ba zan yafe wa kaina ba. Tumatirin mutane na zama miya a bakin hanya, ni ina zaure ina “ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar da ke ciwo,” aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya har da wanda ba a haifa ba.

Da na samu na faɗi abin da ya kawo ni, Hamma ya gyara zama. “Laifin yarinyar ne. Wa ya ce ta karɓi abu ba ta karanta ba?”

“Lambar ce ta ce mata, Hamma. Ni na ce mata.”

“To ta gyara nata. Duniya ba za ta koma baya saboda kwandon tumatir ba. Kada ka taɓa min aiki.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa tsayuwa Hamma na zaune ba. Na ce, “Hamma, duniyar nan da kuke faɗa ba ta taɓa sauke laburarena ko sau ɗaya ba! Mutanen Sahuda ne ke amfani da shi, su kuwa makonsu daga Lahadi yake farawa tun kafin a ƙera kwamfuta. Gyaranku ba laifi ba ne, lambar da na ba shi ce ƙarya, kuma na yi ƙaryar ne don kada ranku ya ɓaci. Yanzu ga shi ran ƙauye guda ya ɓaci!” Muryata ta kai har cikin gida, na ji an daina daka.

Hamma ya miƙe. Ya ɗauki carbinsa ya shige ciki ya bar ni da ƙwaryar fura.

A zauren nasa na buɗe kwamfutar da na zo da ita. Na yi wa 1.4.3 alamar janyewa, yadda duk mai saukewa zai ga gargaɗi. Na mayar da ranaku yadda suke, na dawo da gwaje-gwajena na asali, na saki 1.4.4. A bayanin canje-canje na rubuta da Hausa da Turanci cewa sigar da ta gabata ta sauya lambobin ranaku, babban canji ne aka sake shi a matsayin faci, kuma mai kula da laburaren ne ya yi wannan kuskure da saninsa. Gyaran Hamma na ware shi gefe, na rubuta a kansa cewa sai 2.0.0, bayan sanarwa. Minti biyar ɗin ne dai, sai da na kashe musu awa uku.

Laraba da safe muka ɗauki shatar keke zuwa Sahuda ni da Adda. Tun kafin mu sauka warin ya tare mu. An zubar da abin da ya lalace a gefen hanya, ƙudajen Adamawa da na Kamaru duk sun hallara walima. Mata sun yanyanka abin da ya yi saura sun shanya a kan duwatsu, ko a samu kauɗa.

Dattawan na zaune a gindin bishiya. Na tsuguna na yi bayani, na ce laifina ne ba na Adda ba, na yi misalin faci da ƙofa, na nuna musu rubutun a waya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, har karar da na yi wa surukina na faɗa.

Shugaban ƙungiyar, wani tsoho mai gajeren gemu, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, “Malam, mun ji, ka faɗi gaskiya, Allah ya biya. Yarinya ba shi da laifi. Amma tambaya ɗaya. Surukin naka yana nan da rai?”

“Yana nan, Baba.”

“Kwamfuta nasa yana nan?”

“Tana nan.”

“To.” Ya dubi sauran, suka gyaɗa kai. “Adda ya ci gaba da tura saƙo, ba mu kore shi ba. Amma ba wanda zai tsinka ko ɗaya sai direba ya kira ni da bakinsa.”

Aikin shekara biyu ke nan ya koma abin da ake ji a jira tabbaci daga wani wuri. Ba su kore ta ba, amma na ga fuskarta.

A hanyar dawowa na shiga zuba alkawari, zan sa dokar mutum biyu su duba kafin saki, zan riƙa fitar da sigar gwaji mako guda kafin ta gaske, ko limamin unguwa ne ya turo gyara sai ya bi layi. Ta bar ni na gama tsaf.

“Oga, kar ka wahalar da kanka saboda ni. Jiya na cire abinka daga nawa.”

“Kin cire? To sunayen ranakun fa?”

“Guda bakwai ne,” ta ce, tana kallon hanya. “Na rubuta su da hannuna.”

Mai keken ya tambaya ko Lokuwa za mu sauka duka, ta ce a'a, ita a sauke ta a mahaɗa.