Baba Moshood, Maƙiyin Santsi

Kullum da hantsi, idan Baba Moshood kafinta ya sha kokonsa, sai ya rataya jakar guduma da ƙusoshi ya fito daga Kwaciri, kansa a sunkuye. Baƙo zai ɗauka kunya ce. Mutanen Fagge kuwa sun san ƙasa yake dubawa: wace matakala ta karye, wane bakin rariya ya yi gansakuka, wane gida ne ke da tsoho a ciki.

Ba da wasa ya fara ba. Mahaifiyarsa ce ta zame a makewayi, ƙugunta ya karye, ba ta sake tashi daga shimfiɗa ba har Allah ya karɓi ranta. Tun daga nan ya ƙulla gaba da santsi, gabar da ba ta san biki ba. Mama Comfort ta Sabon Gari ta rantse cewa ranar auren 'yarta, ana tsaka da raba shinkafa, aka ji ƙwas-ƙwas a bayan ƙofa. Ashe Baba ne cikin babbar riga, yana buga wa ledar ɗakin ƙusa. "Mama, bakinta ya naɗe," in ji shi. "Yau amarya ta tsallake, gobe ke za ta kama."

Amma ba wanda ya ba shi wuya kamar Hajiya Ramota, tsohuwar mai manja a Kasuwar Singa, wadda ciwon gwiwa ya zaunar a gida. Shekarar da soja suka sauka daga mulki, ɗanta ya kira shi ya kafa mata ƙarfen dafawa a banɗaki. Ta tare ƙofa da sandarta.

"Moshood, ba ka jin rediyo ne? Soja sun koma bariki! Yanzu mulkin farar hula ne, ba mai tilasta mini riƙe ƙarfe a makewayina."

"Gaskiyarki, Hajiya. To, a kaɗa ƙuri'a."

Aka taru a tsakar gida. Kowa ya ɗaga hannu a kafa ƙarfen, har surukarta da ta laɓe a bayan turmi. Hajiya ta ce maguɗi ne, ta shige ɗaki ta saki labule. Shi kuwa ya kafa ƙarfen, ya karce simintin da ya yi sumul, ya sa ƙwai mai haske a lungun, ya haɗa mata 'yar kujerar wanka. Ita ko ta shanya tsumma a kan ƙarfen, ta ce iyakar amfaninsa ke nan.

Wata safiya da damina ta shiga wanka, ta taka guntun sabulu. Buta ta yi gabas, sanda ta yi yamma. Da aka rugo, sai aka tarar da ita a tsaye, ta ƙanƙame ƙarfen da hannu biyu, tana haki tana salati. Ko ƙwarzane babu.

"Me kuke kallo? Gwada shi nake, in ga ko aikin ha'inci ya yi mana."

Kashegari ta aika masa da tuwon amala har da ganda, tare da saƙo: ya zo ya sa wani a bakin gado, saboda baƙi.

Kai ne, Baba Moshood, wanda masu ɗori suke harara don ka kashe musu kasuwa. Kai ne ka sha zagin tsofaffi ka mayar da shi dariya, ka koma gida kana kakkaɓe garin katako. Aikinka ba ya shiga jarida, domin faɗuwar da ba a yi ba, ba mai zuwa jajenta. Yanzu da ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ka ce ka ajiye guduma. Mun gode, dodon santsi. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifiyarka.

Ku kuma masu iyaye da kakanni a gida, kada ku jira wani ya ƙwanƙwasa. Ku cire takalmi ku taka makewayinsu da ƙafarku, ku ɗaga tabarmar da ta naɗe, ku canza mataccen ƙwan nan na zaure. Za su yi muku faɗa. Ku bar su su yi, muddin a tsaye suke yin sa.