Muƙabalar Littafin Tsarki a Ofishin Madam Afia

Har yau ban manta da Talatar da aka matso mana da wa'adi ba, cikin watan Sha'aban, lokacin ina mai duba rubutun Larabci a wata ƙaramar maɗaba'a a unguwar Asawase. Littafi ne na tsarki da sallah, wanda wasu makarantun arewa za su fara karantawa da azumi. Mako biyu aka ba mu. Sai aka aiko cewa motar da za ta ɗauke shi daga tashar Race Course ranar Asabar za ta tashi, kuma babu wata sai bayan ƙaramar sallah.

Ga wanda bai san aikin ba, ba ma sakin littafi sai an yi muƙabala: ɗaya yana karanta asali a bayyane, ɗaya yana bin shafin gwaji da yatsa. Abokin muƙabalata, Malam Isaka, yana kwance da zazzaɓi. Na wuni ina yi ni kaɗai, ido nan ido can, domin na ji nauyin in ce na gaza da furfurata. Bayan la'asar na waiwayi abin da na wuce, sai na tarar layi guda ya faɗi a babin alwala ban gani ba. Da ya fita haka, da ɗalibai sun koyi alwala babu shafar kai, alhakin kuma yana wuyana.

Laraba da safe na shiga wurin manajarmu, Madam Afia, 'yar ƙabilar Asante, Kirista, sa'ar 'yata.

Na ce, "Madam, aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Ta ce, "Baba Malam, tun jiya nake ganinka kana gardama da takarda. Na ce bari in ga wa zai fara gajiya. Me kake buƙata?"

Na ce, "Mai karanta mini. Amma da ayoyi a ciki, sai mai alwala."

Ko fuskarta ba ta canza ba. Ta kwashe sauran ayyuka daga teburina, ta hau motar haya ta trotro da kanta zuwa unguwar Ashanti New Town, ta dawo da Alhaji Garba, tsohon mai duba rubutu a maɗaba'ar tun zamanin mahaifinta. Ta bar mana ofishinta saboda ƙarar inji, ta koma benci a waje. Ta kuma umarci masu inji kada takarda ɗaya mai aya ta taɓa ƙasa.

Alhamis muka kammala, bayan mun tsinci wasu layuka biyu da suka faɗi. Juma'a aka buga, Asabar littafin ya hau mota. Da na je godiya, sai ta ce, "Baba, wani karon kada ka cinye mini Talata."

Magabata ba su sanya mutum biyu a muƙabala a banza ba. Ido yana yafe wa mai shi abin da kunnen wani ba zai yafe ba. Na san wannan game da littattafai shekara da shekaru, amma a hannun Madam Afia na san shi game da kaina. Allah Ya saka mata da alheri.