Man Kadan Baba

Ni dai tun da na yi wayo nake susa. Ba ƙazuwa ba ce, ina ƙara faɗa, don kalmar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ina yarinya. Fata ce kawai Allah ya ba ni busasshiya, mai tsattsagewa a gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya, ta yi fari fat kamar an barbaɗa mini toka. In zafin Jalingo ya taso, gumi ya shiga tsagar, to sai susa: da farce, da murfin biro, da gefen benci, har da bangon ajinmu kamar akuya. An kai ni asibiti, nas ta duba ta ce ba a ɗauka, haka jikina yake. Ta ba da wani farin magani na shafawa, ya yi aiki har ya ƙare, ƙaiƙayi ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Shekarun da aka mai da Jalingo babban birnin jiha ne, gari ya cika da baƙin ma'aikata, kowa da yarensa. A cikin gida yarenmu muke yi, amma da an fita ƙofa sai Hausa, irin tamu ta nan, wadda za a ce wa mace "shi" ko a jikinta. Baba direba ne a wata ma'aikata, kuma shi kaɗai a gidanmu yake ji da Hausarsa. A rediyo ya goge ta. In ka ce "kasa" a wurin "ƙasa", sai ya ajiye cokali ya gyara maka kafin ya ci gaba da cin abinci.

A shekarar da nake aji biyar Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo gidanmu haihuwar fari, ta kuma zauna da mu saboda mijinta ya tafi kwas. Yaron da ta haifa kuwa, wayyo! Ɗan lukuti, kumatu sun rufe masa wuya, in ya yi dariya sai ya haɗa da shaƙuwa. Da wuyansa ya tsaya, duk 'yan matan gidan hayarmu sai da suka goya shi. Har wata 'yar maƙwabta da ba ta iya ɗaurin zani ba an ɗora mata shi ta zaga tsakar gida. Ni da nake jininsa, ni ce aka hana.

"Ke dai tsaya daga nan ki yi masa wasa," in ji Gwaggo. "Fatar jariri ba ta son wargi."

Mama ta gaya mata abin da nas ta ce, Gwaggo ta ce nas ba ita ta yi naƙudar ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne irin na mai ɗan fari, amma a lokacin ina ruwana da dalili? Haushi nake ji kamar in fashe. Babu abin da nake so a duniya sai in ji nauyin yaron nan a bayana kafin uban ya dawo su tattara su tafi.

Akwai wata tsohuwa da ke zuwa daga Kona tallar daddawa, haƙoranta na gaba duk sun yi sallama. Wata rana ta shigo Mama ta tafi famfo, Baba yana wanke babur, ni kuma ina zaune a dokin ƙofa ina aikin nawa da murfin biro. Ta sauke tire, ta kamo hannuna ta juya shi.

"Yarinyan nan, shi yana cin jikinsa haka tun yaushe?"

Baba ya ce tun ina rarrafe.

"Ka nemo man kada," ta ce. "Na gaskiya, ba wanda an gauraya ba."

Baba ya miƙe da tsumma a hannu ya dubi tsohuwar. "Kada, Mama?"

"Kada."

"Ana kuwa samu?"

"Yinsa da wahala, amma ana samu."

Ta ɗauki tirenta ta tafi. Da Mama ta dawo ta ji, sai ta ce, "Anya, Baban yara, ba man kaɗe take nufi ba?" Man kaɗe, wato na 'ya'yan kaɗanya, wanda mu a lokacin muka ɗauke shi man tsofaffi masu ciwon gwiwa, tunda mu 'yan birni ne masu shafa man kanti.

Baba ya dube ta sheƙeƙe. "Ni za ki koya wa Hausa? Kaɗe daban, kada daban. Da kunnena na ji, har na sake tambaya. Man kaɗen da ke jibge a kasuwa shi za a ce samunsa sai an nema?"

Mama ta ce to, Allah ya ba da sa'a.

Ranar Asabar da safe ya hau babur ya nufi Lau, bakin Binuwai, wurin masunta. Bai dawo ba sai da la'asar sakaliya, wandonsa taɓo har gwiwa, da busasshen kifi a bayan babur, da wata 'yar kwalba a aljihun gaba da yake ta dafawa kamar za ta tashi sama. Ya ba da labari kuwa! Yadda aka yi ta tura shi daga wannan masunci zuwa wancan, yadda aka tsallaka da shi a kwalekwale, shi da bai iya iyo ba, yadda wani dattijo ya rantse masa cewa da hannunsa ya feɗe kadan. Ko kitsen kada ne, ko na wani ƙaton kifi da ya kwana biyu, har yau Allah kaɗai ya sani.

Da aka buɗe kwalbar, Gwaggo ta suri ɗanta ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Kai, jama'a, ban taɓa jin ƙarni irin wannan ba. Baba ya toshe hanci ya ce ai magani mai kyau ba ya daɗi. Aka shafe ni da shi daga wuya har idon sawu.

Ƙudajen unguwarmu suka yi biki. Kyanwar maƙwabta ta dinga bi na har bakin titi tana lasar ƙwaurina. A makaranta, benci na mutum uku ya zama nawa ni kaɗai, malaminmu kuma ya yi ta leƙa ƙarƙashin tebur yana tambaya wa ya kawo kifi aji. Ƙaiƙayi kuwa ko gezau. Da can ana bari in tsaya kusa da yaron in tafa masa, yanzu ko inuwarsa an hana ni. Na sha kuka a bayan ɗakin girki, kukan baƙin ciki da masifa. Amma kullum da safe Baba zai tsuguna ya duba hannuna, ya ce, "Kin gani? Ya fara laushi." Ganin fuskarsa ya sa ban iya cewa a daina ba.

Sai ga tsohuwar Kona ta sake zagayowa. Tun daga zaure ta tsaya tana shinshina iska.

"Wane ne ya mutu a gidan nan?"

Baba ya fito da kwalbar yana washe baki. "Mama, an samo. Har Lau na je."

"Lau? Ka je yin me a Lau?"

"Man kada mana."

Ta karɓa ta kai hanci, ta miƙa masa da sauri. Ta dube shi, ta dube ni da ƙudaje ke rakiya, sai ta sauke tirenta a hankali don kada daddawa ta zube, ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da dariya. Ta yi dariya har da hawaye, tana dukan cinya, tana kiran sunan Allah da yarensu. Da ta samu numfashi, ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ɗan dunƙule a naɗe cikin ganye, wanda take shafa wa kaushin ƙafarta.

"Ga kada," ta ce. "Na itace."

"Haba, Mama!" Baba ya ɗora hannu a ka. "Wannan ai kaɗe ne! Ka-ɗe!"

"To, ni me na ce?"

Mamanmu da ke bakin murhu ta saki muciya ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta leƙo ta taga da yaro a kafaɗa, dariya ta hana ta magana. Baba ya tsaya da kwalba a hannu, baki buɗe, can sai kafaɗunsa suka fara rawa, shi ma ya bi sahu har yana riƙe bango. Ni ma na yi dariya, ko da yake rabinta kuka ne. Daga ranar, duk wanda ya yi wahalar banza a gidanmu sai a ce ya je Lau.

Tsohuwar ba ta tafi ba sai da ta zaunar da Mama ta yi mata dalla-dalla, wannan karon Baba yana gefe bai gyara mata Hausa ba. Ta ce a jefar da soson da ake dirza ni da shi. Sabulun wankin kaya da muke wanka da shi, a bar wa kaya abinsu. Ruwa kada ya yi zafi, ɗumi kawai, kuma kada in daɗe a ciki. Babban abin shi ne, da na fito, kafin jiki ya bushe, a narka man a tafin hannu a shafe ni da sauran danshin. In ƙaiƙayi ya taso da ƙarfi, a tafasa ganyen dogon yaro, a sirka, a yi mini wanka. Ta kama yatsuna ta ce a yanke wannan farce, ta ja shimin leda da ke jikina ta ce a ba ni tsohuwar atamfa mai laushi.

Mama ta riƙe abin nan kamar ibada. Ta samo mai na gaske wurin wata mata a Iware, mai ɗan warin hayaƙi, wanda bayan na Lau ni turare nake jin sa. Safe da yamma tana murza ni, tana mita, tana waƙar zumuntar mata ta coci. In hannuna ya nufi wuya sai ta ce, "Kul!" Ta koya mini in danna wurin da tafin hannu ko in ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle maimakon susa. Wani lokaci in yi, wani lokaci in faki idonta.

Abin bai zo da sauri ba, ni kuwa ba ni da haƙuri. Kullum sai na je gaban Gwaggo na miƙa hannuwa kamar mai jiran duban tsafta a makaranta, ta ce, "Da sauƙi, da sauƙi," ta gyara goyonta. Tsagar ta rufe, tokar ta tafi, sai tabo baƙi-baƙi da wani wuri guda a bayan gwiwa da ya ƙi ji. Gaskiya ma bai taɓa rabuwa da ni gaba ɗaya ba, har yau in na yi sakaci da mai yana tuna mini. Ana nan sai aka aiko cewa mijin Gwaggo ya gama kwas, yana hanya. Na ce shi ke nan, za su tafi ban goya ba. Na daina miƙa hannun ma, na koma kumbure-kumbure.

Ranar Lahadin da za a yi godiyar yaron a coci, gida ya kacame. Gwaggo ta sha anko, ga ɗaurin kallabi ya ƙi zama, ga kwandon doya da kaza da za ta shiga da su gaba da rawa. Ina tsaye a gefe da baki a tunzure. 'Yar maƙwabtan nan ta matso tana gyara zani, ta saba. Gwaggo ta dube ta, ta dube ni. Ta kamo hannuna, ba da ɗan yatsa ba, da tafinta duka, ta shafa tun daga wuyan hannu har kafaɗa.

"Juyo," ta ce. "Duƙa mana, ko sai na roƙe ki?"

Na duƙa. Na ji an ɗora mini shi, da nauyi, da ɗumi, ya cusa fuska a wuyana, daidai inda na fi susa. Gwaggo da kanta ta ja zanin ta ɗaure, ta ƙara majanyi. Daɗi ya kashe ni, wallahi.

Ban bi gajeriyar hanya ba. Ta bakin titi na bi, ta gaban shagon tela, ta gaban famfo inda 'yan ajinmu ke layi, ina gaida wanda na sani da wanda ban sani ba. Muna shiga harabar coci na ji wani ɗumi ya gangaro mini tun daga tsakiyar baya har cinya. Ya tsula mini fitsari a sabuwar atamfata.

Mama ta gani, ta ce, "Kawo shi in karɓa, ki je ki sake kaya."

Na ja da baya na riƙe bakin majanyin da hannu biyu.

"A bar mini shi," na ce. "Zai bushe."