Kwantenar Da Dogo Ya Kasa Saukewa

Masu rubuta tarihin tashar jiragen ruwa sukan tsaya a kan jiragen da suka daina zuwa a shekarar da hanyoyin teku suka rikice. Ba kasafai suke leƙa layin tirelolin da ke bayan katanga ba, inda wani direba da ake kira Dogo ya ƙarar da sauran ƙarfinsa.

Dogo ya fara tuƙi tun ana ɗaure kaya da igiya da tamfol. Da kwantena ta shigo, ya koyi ƙa'idarta, ya riƙe ta gam: wanda ya fita da ita cike, shi zai dawo da ita fanko. Bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Ya duba hatimin ƙarfen da ke ƙofa, ya kulle kusurwoyi, ya kama hanya. Da wannan ya raini 'ya'yansa, har ya mallaki motar kansa, tsohuwa amma mai ja.

A shekarar da ake magana, jirage suka koma zagaye ta wata hanya mai nisa. Waɗanda suka iso sukan sauke kaya su juya a gaggauce, ba su kwashi fanko ba. Fankon suka taru a tasha, ɗaya bisa ɗaya kamar benaye, har aka koma karɓarsu jefi-jefi. Direban da ke goye da fanko kuwa ba shi da inda zai ɗora wani kaya. Motarsa a ɗaure take.

Sauran direbobi suka samo mafita. Da an kwashe kayan, sai su nemi mai injin ɗaga kaya ya dire musu fankon a wani fili, su koma ɗaukar sabo. Wani abokin aikinsa, Gajere, ya ba shi wannan shawara.

"Yaya, ajiye ta mu tafi. Uwarka ce da za ka goya ta har kabari?"

"Ni na fito da ita," in ji Dogo, "ni zan mayar."

"To, Allah ya ba da zaman lafiya. Ka sanar da mu ranar suna."

Dogo ya shiga layin mayar da fanko. A layin, wanda ya bar motarsa ya rasa gurbinsa, saboda haka ya mayar da ƙarƙashin tirela ɗakinsa: tabarma, buta, da igiyar shanya tsakanin tayoyi. Damina ta same shi a nan, ta wuce ta bar shi. Matarsa, wadda ke riƙe gida da keken ɗinki, takan kawo masa abinci a kwanon silba, ta zauna a kan tsohuwar taya tana kallonsa.

"Baban yara, gadin me kake yi ne? Ko ɓarawo ba ya waiwayar wannan."

"Saura kaɗan," yakan ce.

Ranar da ya kai bakin ƙofa, akawun da ke wurin ya ɗaga kai ya dubi tambarin da ke jikin kwantenar.

"Baba, ai jiragen masu wannan sun daina zuwa nan. Ba ma karɓar tasu."

"Ina zan kai ta, ɗana?"

"Wannan kuma ban sani ba. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Dogo ya tafi wurin mai injin, a karon farko a rayuwarsa. Amma a lokacin hukuma ta hana zubar da fanko, tana kama duk injin da aka gani yana saukewa. Mai injin ya ba shi haƙuri, ya ce da ya zo tare da su Gajere da tuni an gama.

Haka ya tuƙo ta zuwa ƙofar gida. Matarsa ta ce ya buɗe, ko ta ga abin da ya raba ta da mijinta. Ya zare sandunan ƙofar. Babu komai sai zafi, da warin roba, da wani guntun kwali a lungu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki kwalin, ta ce zai yi hura wuta.

Batir ya mutu kafin ƙarshen wannan wata, tayoyin suka bi baya. Gajere yana kan hanya har yau. Motar Dogo kuwa tana nan inda ya tsayar da ita, kaji na kwanciya a inuwarta, kuma da ita ake yi wa baƙo kwatancen unguwar.