Inabin Kudan da Bakin Inna

Mun tashi da asuba daga Ikara, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa wadda sai an lallashe ta take tashi. Saboda Inna muka yi tafiyar. Tun da zazzaɓi ya sake ta bakinta ya mutu, duk abin da aka kawo sai ta ce kamar audiga take taunawa, ta ture kwanon. Matar da ba a taɓa sauke miya a gidanmu ba ta sami abin kushewa ba, ga ta tana ramewa shiru. Ranar da maƙwabciya ta ce ana noman inabi a Kudan, Inna ta ɗago kai ta ce ƙarya ne, inabi sai Makka. Gardamar nan ce alamar rai ta farko da muka gani, sai muka bi ta.

Hanyar Makarfi rake ne hagu da dama, motoci maƙare da shi har yana jan ƙasa. A bakin gari ƙamshi ya tsayar da mu: masu mazarƙwaila ne, inji na matse rake, ruwansa na tafasa a manyan tukwane. Suka miƙo min ɗanyen ruwan a kofi, na shanye na lashe baki kamar yarinya. Farashin mazarƙwailar kuwa ya sa na yi salati, na tsaya ciniki har ƙanena ya koma mota don kunya.

Da hantsi muka shiga Kudan. Jama'a, ashe gaskiya ne. Rumfuna ne jere, ganye ya rufe sama, inabi na reto a kan mutum, sai ka sunkuya za ka wuce. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Dattijon mai gonar ya yi ta tsinko mana, ga baƙi mai zaƙi har maƙogwaro, ga kore mai ɗan tsami da ke sa ido ya ƙanƙance. Da na ba shi labarin Inna sai ya ce, "Hajiya, koren nan za ki matse mata, ki haɗa shi da nama mai maiƙo, yana wanke baki. Amma a sha yau. Kada ya kwana a zafi ya zama abin da malamai suka hana." Ƙanena ya yi ta dariya har muka loda kwanduna.

A dawowa muka yi guzurin balangu da ruwan rake, la'asar ta yi mana a gida. Na matse, na tace, na jera kofuna a tire gaban Inna. Ta ɗauki dunƙulen inabi tana juyawa, ta sa ƙanena ya rantse ba daga kanti muka sayo ba.

Muka fara gwaji. Ruwan baƙin inabin da tuwo miyar kuka bai yi ba sam, kowa ya yamutsa fuska. Ruwan rake da balangu zaƙin ya danne yajin. Inna tana kurɓa tana ture kofin. Sai na miƙa mata koren da yankan nama mai kitse. Ta tauna, ta kurɓa, ta sake ɗaukar wani da kanta. Can ta jawo kwanon tuwo, ta kai loma, ta ɓata rai.

"Wace ce ta yi miyar nan? Gishirin gidan gaba ɗaya ta juye?"

Matar ƙanena, mai miyar, ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa hawaye ne ya zubo min ina dariya.

Tafiyar ta koya min cewa inabi na nan kusa da mu muna hangen Makka, kuma kowane abin sha da abincin da yake so. Faɗan Inna da na girma ina gudu kuwa, ashe shi na je nema har Kudan. Ta cinye tuwon tas, tana ci tana mita.